Sinadarai Masu Rikita Homon da Garkuwar Jikin 'Ya'yan Kifi: Tambayoyi da Amsoshi

Idan aka wayi gari aka ga matattun kifaye a bakin kogi, abin da aka saba yi shi ne a kwashi kaɗan daga cikinsu a kai ɗakin bincike domin a nemo ƙwayar cutar da ta kashe su, kuma galibi akan same ta. Abin da ba kasafai ake tsayawa a tambaya ba shi ne dalilin da ya sa ƙwayar cutar da ta daɗe a cikin wannan ruwa ba ta yi ɓarna ba sai yanzu. Tambayoyin da ke biye sun shafi ɗaya daga cikin amsoshin da masana suka gano, wato sinadaran da ke kwaikwayon homon ko su tare masa hanya tun kifi yana cikin ƙwai.

Mene ne ake nufi da sinadarai masu rikita homon?

Homon saƙo ne da wata gaɓa ta jiki take zubawa cikin jini domin ya isa wata gaɓar ya umarce ta da yin wani aiki, kamar girma, balaga, yin ƙwai ko shirin fuskantar haɗari. Kowane homon yana da makarɓarsa a cikin ƙwayoyin halitta, kuma dangantakarsu kamar ta makulli da kwado ce. Akwai sinadaran da siffarsu ta yi kama da ta makullin har suna iya buɗe kwadon a lokacin da jiki bai nema ba, akwai waɗanda ke shiga su toshe ramin ta yadda makullin gaskiya ba zai samu wuri ba, akwai kuma waɗanda ke hana jiki ƙera homon ɗin ko su hana hanta kawar da shi bayan ya gama aikinsa. Dukkan waɗannan su ne ake kira masu rikita homon. Sunan ya samu karɓuwa ne bayan wani taron masana da masaniyar dabbobi Theo Colborn ta jagoranci shiryawa a jihar Wiskonsin ta Amurka a 1991, inda masu binciken tsuntsaye, kifaye da dabbobin dawa suka fahimci cewa matsalolin da kowannensu yake gani a fanninsa tushensu ɗaya ne.

Waɗanne sinadarai ne, kuma ta ina suke shiga ruwa?

Mafi ƙarfi a cikinsu su ne dangin istrojin, homon ɗin da ke tafiyar da al'amuran haihuwa a jikin mace. Mutane, maza da mata, da dabbobin kiwo duk suna fitar da istrojin na halitta a fitsari da kashi. Akwai kuma na haɗawa da ake kira EE2, wanda ke cikin yawancin ƙwayoyin tazarar haihuwa, kuma da gangan aka ƙera shi ya daɗe a jiki bai lalace ba, shi ya sa yake iya wucewa ta matatar ruwan najasa ya faɗa kogi da sauran ƙarfinsa. Ba adalci ba ne a ɗora laifin kacokan a kan masu shan wannan magani kamar yadda wasu rahotanni suke yi, domin garken shanu da gidajen kaji da kowane birni mai yawan jama'a suna da nasu kason.

Bayan waɗannan akwai bisfenol A da ake amfani da shi wajen yin roba mai tauri da shafen cikin gwangwani, da nonilfenol da ke fitowa idan wasu sabulan masana'antu suka ruɓe, da magungunan kashe ƙwari irin su DDT, da PCB da aka daɗe ana zubawa a cikin taransifoma, da dayoksin da ke fitowa daga ƙona shara da wasu ayyukan masana'antu, da sinadaran hana kayan ɗaki kama wuta, da fentin ƙasan jiragen ruwa mai ɗauke da TBT. Hanyoyin shigarsu ruwa sanannu ne: bututun najasa, dagwalon masana'antu da na asibitoci, ruwan sama da ke wanke gonaki, da tsohuwar laka ta ƙasan kogi wadda take riƙe sinadari shekaru da dama bayan an daina amfani da shi.

Idan adadinsu a ruwa ƙanƙani ne, ta yaya zai yi illa?

Jiki da kansa da ƙanƙanin adadi yake aiki da homon, saboda haka abin da ke kwaikwayonsa ba ya buƙatar yawa. Ana auna istrojin a ruwa da nanogiram a cikin lita, kuma nanogiram 1 a lita daidai yake da a narkar da giram 1 a cikin ruwan da zai cika wuraren ninƙaya irin na gasar Olamfik guda 400. A wani tafki na gwaji a lardin Ontariyo na Kanada, Karen Kidd da abokan aikinta sun riƙa zuba EE2 daga 2001 zuwa 2003 har ya kai kimanin nanogiram 5 zuwa 6 a lita, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa wani ƙaramin kifi da ke tafkin ya kusa ƙarewa ƙurmus, domin haihuwarsa ta tsaya. Wannan gwaji haihuwa ya fi mayar da hankali a kanta, amma ya kawar da shakkar da ake yi a kan ko irin wannan adadi yana da tasiri a jikin kifi.

Yaya garkuwar jikin kifi take, kuma da me ta bambanta da ta mutum?

Tana da hawa biyu kamar tamu. Hawa na farko shi ne wanda aka haifi kifi da shi: yauƙin da ke rufe fatarsa, da fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye duk baƙon abin da suka tarar, da wasu furotin na jini da ke huda bakteriya. Wannan hawa ba ya bambance maƙiyi da maƙiyi, kuma ba ya jira. Hawa na biyu shi ne mai koyo, wanda ke gane kowace ƙwayar cuta da kamanninta, ya ƙera mata antibodi na musamman, wato furotin da ke manne wa wannan ƙwayar cuta domin a kawar da ita, ya kuma tuna da ita idan ta dawo. Shi ne ya sa riga-kafi yake aiki, har a gonakin kiwon kifi.

Bambancin yana cikin gaɓoɓi. Kifi ba shi da ɓargon da ke ƙera jini, kuma ba shi da irin ƙullutun da ke kumbura su zama kaluluwa a jikin mutum. Aikin ƙera ƙwayoyin jini yana hannun ɓangaren gaba na ƙodarsa, wanda ke kusa da kai. Sai saifa, sai wata ƙaramar gaɓa mai suna tayimos da ke kusa da gaɓoɓin numfashinsa, wadda ita ce makarantar da ake horar da wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini su san abin da yake na jiki da abin da yake baƙo. Wani abin lura shi ne cewa a cikin wannan ɓangare na ƙoda ne kuma ake ƙera kotisol, homon ɗin da jiki ke fitarwa lokacin matsi, wato ma'aikatar homon da ma'aikatar garkuwa a ɗaki ɗaya suke zaune a jikin kifi.

Ai homon na haihuwa ne. Mece ce alaƙarsa da yaƙi da cuta?

Wannan fahimta ce da ta jinkirta bincike shekaru da yawa. Fararen ƙwayoyin jinin kifi suna ɗauke da makarɓar istrojin, haka ma ƙwayoyin halittar tayimos da saifa da gaban ƙoda. Hasali ma yawancin kifaye masu ƙashi suna da nau'i 3 na wannan makarɓa a cikin cibiyar ƙwayar halitta, alhali mutum yana da 2. Duk gaɓar da take da makarɓar wani homon tana sauraronsa, kuma za ta saurari duk abin da ya zo da kamanninsa.

Akwai hikima a cikin wannan haɗi. Yin ƙwai yana cin ƙarfin jiki, tsaron jiki ma yana ci, saboda haka dole jiki ya riƙa raba abin da yake da shi tsakanin ayyukan biyu gwargwadon lokaci, kuma homon ne yake yin wannan rabo. Idan ɗan kifin da bai kai ko kusa da balaga ba ya samu saƙon ƙarya cewa lokacin yin ƙwai ya yi, hantarsa takan shiga ƙera bitelojenin, furotin ɗin da ke zama gwaiduwar ƙwai, ko da kuwa namiji ne. Ita kuma wannan hanta ita ce aka dogara da ita wajen ƙera furotin masu yawa na tsaron jiki.

Me ya sa aka fi damuwa da ƙwai da 'ya'yan kifi fiye da manya?

Dalili na farko shi ne cewa babban kifi garkuwarsa ginanniya ce, sinadari zai iya rage mata ƙarfi na ɗan lokaci, idan ruwa ya gyaru ta farfaɗo. Ɗan kifi kuwa ginin ake kan yi, kuma homon yana cikin masu ba da umarnin yadda za a yi shi. Kuskuren da aka yi a harsashi ba ya gyaruwa don kawai an daina zuba sinadarin.

Kifin zebra, wanda shi ne aka fi nazari a ɗakunan bincike domin jikin ɗansa garai yake ana ganin cikinsa, ya nuna yadda wannan gini yake tafiya. Ƙwayoyi masu haɗiye baƙon abu suna bayyana tun wajen kwana na farko bayan ƙwai ya samu maniyyi. Ana ƙyanƙyashe shi a kwana na 2 zuwa na 3, kuma a daidai wannan lokaci ne ƙwayoyin da za a horar suke fara isa tayimos. Amma hawa na biyu, mai ƙera antibodi, ba ya kammala sai bayan mako 4 zuwa 6. A duk tsawon wannan lokaci ɗan kifin yana iyo a cikin ruwa mai cike da bakteriya da hawa ɗaya kawai, tare da ɗan guzurin antibodi da furotin masu kashe ƙwayoyin cuta da uwarsa ta zuba masa a cikin ƙwai. A kifayen ruwan sanyi wannan tazara ta fi haka tsawo, domin komai nasu a hankali yake tafiya.

Dalili na biyu shi ne cewa wannan guzuri na uwa ba alheri kaɗai yake ɗauke da shi ba. Sinadarai irin su PCB, DDT da dayoksin ba sa narkewa a ruwa, a kitse suke taruwa, kuma uwa takan kwashe kitsen da ta tara shekaru ta zuba a gwaiduwa. Ɗan kifin da aka ƙyanƙyashe ba ya cin komai a kwanakin farko sai wannan gwaiduwa da ke rataye a cikinsa, wato yana shanye abin da uwarsa ta tara a daidai lokacin da gaɓoɓinsa suke fitowa, kuma hantarsa ba ta ƙware wajen kawar da guba ba tukuna. Ƙari a kan haka, fatarsa siririya ce, kuma faɗinta yana da yawa idan aka gwada da ƙanƙantar jikinsa, saboda haka abin da ke cikin ruwa yana ratsa shi cikin sauƙi.

Akwai gwaje-gwajen da suka tabbatar da wannan, ko hasashe ne kawai?

Akwai, kuma guda uku sun isa misali. A jihar Oregon ta Amurka an tsoma ƙwan kifin salmon a ruwa mai ɗauke da wani sinadari dangin DDT na awa 1 lokacin da aka haɗa ƙwai da maniyyi, aka sake tsoma su na awa 2 lokacin ƙyanƙyasa, daga nan aka rene su a ruwa mai tsabta. Kifayen sun girma kamar sauran, tsayinsu da nauyinsu bai bambanta ba, ba su fi sauran mutuwa ba. Da aka gwada su bayan shekara guda sai aka tarar ƙwayoyin saifarsu ba sa iya ƙera antibodi yadda ya kamata. An wallafa wannan sakamako a 2003, kuma har yanzu yana cikin hujjoji mafi ƙarfi a kan cewa lokacin da sinadari ya taɓa kifi yana iya fin yawansa muhimmanci.

Na biyu an yi shi ne a Jami'ar Bern ta Suwizalan, inda aka riƙa ba ƙananan kifin tirawut istrojin a cikin abincinsu. Da aka auna yadda hantarsu take ƙera furotin ɗin jini masu huda bakteriya ba a ga wani canji ba. Sai da aka sa musu bakteriyar Yersinia ruckeri, mai haddasa cutar jan baki, sannan bambanci ya fito: waɗanda ba su sha istrojin ba hantarsu ta ƙara ƙera waɗannan furotin nan take, waɗanda suka sha kuwa sun kasa, kuma sun fi mutuwa.

Na uku daga kogi aka ɗauko shi. Mary Arkoosh da abokan aikinta sun kamo 'ya'yan salmon daga mashigin ruwan Duwamish da ke birnin Siyatil, wanda lakarsa take cike da PCB da ragowar man fetur, suka gwada su da wasu da aka samo daga wurare masu tsabta ta hanyar sa wa duka rukunin bakteriya iri ɗaya. Na mashigin birni sun fi mutuwa.

An taɓa ganin haka a kogi, ba tare da hannun mai bincike ba?

Misalin da aka fi kawowa shi ne na kogin Potomak da rassansa a gabashin Amurka. Tun farkon shekarun 2000 aka riƙa samun mace-macen kifin bas da wasu kifaye, jikinsu duk gyambo. Da Vicki Blazer ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta feɗe su a 2003 domin neman musabbabi, sai ta ci karo da abin da ba shi ta je nema ba: mazan kifin da yawa suna ɗauke da ƙananan ƙwai a cikin gaɓar da ke ƙera maniyyi, alamar cewa istrojin ya taɓa su. Ta fuskar cuta kuwa ba a samu ƙwaya ɗaya tilo da za a ce ita ce mai laifi ba, bakteriya iri-iri ne da tsutsotsi, kowane kifi da nasa. Idan cututtuka mabambanta suka taru a kan dabba ɗaya a lokaci ɗaya, hankali yakan koma kan garkuwar jikinta, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga baya, a 2009, an nuna a ɗakin bincike cewa istrojin yana rage ƙera hefsidin a jikin wani nau'in bas, kuma hefsidin furotin ne da ke kashe bakteriya ya kuma hana su samun sinadarin ƙarfe da suke buƙata domin hayayyafa.

Duk da haka wajibi ne a faɗi iyakar wannan hujja. A kogi ɗaya akwai takin gona, ƙarancin iskar numfashi, zafin ruwa da cunkoson tsutsotsi, kuma kowannensu yana iya raunana kifi. Masanan da suka yi aikin ba su ce istrojin kaɗai ne ya kashe kifayen ba, kuma wanda ya ce sun faɗi haka ya ƙara musu gishiri.

Shin dangin istrojin ne kaɗai abin tsoro?

A'a, su ne dai aka fi bincika domin alamarsu tana da sauƙin aunawa. Homon ɗin tayirod shi ne ke jagorantar sauyawar ɗan kifi daga siffar jariri zuwa ta babba, har shi ne ke sa idon kifaye masu kwanciya da gefe ɗaya ya ƙaura daga wancan gefe zuwa wannan. An ga cewa idan aka hana kifin zebra wannan homon, girman tayimos ɗinsa yakan samu tangarɗa. Sinadaran hana kama wuta suna kama da shi a siffa, wasu sinadaran dabam kuma suna hana jiki ɗaukar sinadarin aidin da ake ƙera homon ɗin da shi.

Sai magungunan rage kumburi dangin kotisol da ake samu a ruwan da ke fitowa daga asibitoci da birane. Waɗannan ba sai an yi dogon bincike ba, domin danne garkuwar jiki shi ne aikin da aka ƙera su su yi. Dayoksin da wasu nau'o'in PCB kuwa wata makarɓa dabam suke kamawa, kuma an daɗe da sanin cewa suna ƙanƙantar da tayimos a dabbobi. A 'ya'yan kifi sukan sa jakar gwaiduwa ta cika da ruwa, zuciya ta kasa aiki, kuma bincike ya nuna cewa suna da hannu a gazawar haihuwar tirawut a Tafkin Ontariyo a tsakiyar ƙarni na 20. TBT ma, wanda ya yi suna wajen fito wa matan dodon-koɗi na teku da gaɓar maza, guba ne ga fararen ƙwayoyin jini.

Kullum raunana garkuwa suke yi?

Ba kullum ba, kuma a nan ne sakamakon bincike yake rikitar da mai karatu. Sinadari ɗaya yana iya zaburar da ƙwayoyi masu haɗiye baƙon abu idan adadinsa kaɗan ne, ya danne su idan ya yi yawa. Yana iya yin wani abu a jikin namiji ya yi akasinsa a jikin mace, ko a wannan nau'in kifi ba a wancan ba. Sai dai zaburar da garkuwa ba tare da dalili ba ba alheri ba ne, domin kumburin da ba ya lafawa yana lalata gaɓoɓi, yana kuma cinye ƙarfin da ɗan kifi yake buƙata domin girma. Shi ya sa masana suka fi son su ce an rikita garkuwar maimakon an raunana ta.

Idan sinadarai da yawa suka haɗu a ruwa ɗaya fa?

Waɗanda ke kama makarɓa ɗaya tasirinsu taruwa yake yi. An gwada haɗa sinadarai 5 masu kwaikwayon istrojin, kowannensu a adadin da shi kaɗai tasirinsa kaɗan ne, sai haɗin ya sa mazan kifi ƙera furotin ɗin gwaiduwa sosai. Ma'anar wannan ita ce kogi yana iya cika ƙa'ida a kan kowane sinadari ɗaya-ɗaya, kifin da ke cikinsa kuma yana cutuwa.

Me ya sa aka daɗe ba a kula da wannan ɓangare ba?

Domin abin da aka fara gani shi ne ya tsara abin da ake nema. A farkon shekarun 1990 aka ajiye mazan tirawut a keji kusa da bututun matatun najasa a Ingila, aka tarar jininsu cike da furotin ɗin gwaiduwa, sannan a 1998 Susan Jobling da John Sumpter da abokan aikinsu suka nuna yawaitar kifaye masu siffar mata-maza a kogunan ƙasar. Labarin namiji mai ƙwai yana jan hankali, kuma aunawarsa tana da sauƙi. A kan haka ne aka gina gwaje-gwajen da hukumomi suka amince da su: a auna furotin ɗin gwaiduwa, a ƙirga ƙwai, a duba adadin maza da mata. Garkuwar jiki ba ta cikin abubuwan da waɗannan gwaje-gwaje suke tilasta a duba.

A ganina wannan ne babban giɓin da ke cikin tsarin. Kifin gwaji yana zaune a tankin da aka tsabtace, ana ciyar da shi a kan lokaci, ba ya haɗuwa da cuta, saboda haka ko garkuwarsa ta lalace ba za a gani ba, kamar yadda gwajin Bern ya nuna. Hanya mafi inganci ita ce a sa wa kifin ƙwayar cuta da gangan a ga yadda zai yi, amma wannan yana da tsada, yana buƙatar ɗaki na musamman, kuma yana nufin a kashe kifaye masu yawa, abin da dokokin kare dabbobin gwaji suke ƙoƙarin ragewa. Shi ya sa ake ƙara komawa ga 'ya'yan kifin zebra na kwanakin farko, inda ake iya yi wa wutsiya ɗan rauni a kalli fararen ƙwayoyin jini suna tururuwa zuwa wurin a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a ƙirga su, a auna saurinsu. A kogi kuwa ɗan kifin da cuta ta kayar ba ya barin gawa, wani ya riga ya haɗiye shi, abin da kawai za a gani shi ne ƙarancin manya bayan wasu shekaru.

Ɗumamar ruwa tana ƙara tsananta lamarin?

Zafin jikin kifi na ruwan da yake ciki ne, don haka duk aikin garkuwarsa yana bin yanayin ruwan. Ƙwayoyin cuta da yawa sun fi hayayyafa idan ruwa ya yi ɗumi. Wata cutar ƙoda da ke addabar ƙananan tirawut a kogunan Turai tana tsananta ne idan zafin ruwa ya wuce kimanin digiri 15. Lokacin fari kuma ruwan kogi yana raguwa, najasar da ake zubawa ba ta raguwa, sai sinadaran su yi kauri a daidai lokacin da kifi yake cikin matsi.

Kifi ba zai iya sabawa da gurɓataccen ruwa ba?

Wasu sun saba. A tashar jiragen ruwa ta New Bedford da ke jihar Masacusets akwai wani ƙaramin kifi da ke jure adadin PCB da ya ninka wanda ke kashe 'yan uwansa na ruwa mai tsabta sau dubbai, kuma ya yi haka ne ta hanyar dusashe makarɓar da sinadarin yake kamawa. Amma wannan kifi ne mai ɗimbin yawa, mai saurin haihuwa, mai bambancin gado mai faɗi, abubuwan da kifaye masu tsawon rai da jinkirin balaga ba su da su. Makarɓar da ya dusashe kuma tana da nata aikin a cikin garkuwar jiki, sannan sinadarin yana nan a namansa yana jiran tsuntsu ko babban kifin da zai cinye shi.

Wannan bincike yana da wani amfani ga lafiyar ɗan Adam?

Yana da shi, domin istrojin da kotisol da homon ɗin tayirod na kifi kusan iri ɗaya ne da namu, haka ma tsarin garkuwa mai hawa biyu. Bambancin shi ne kifi yana zaune a cikin ruwan dare da rana yana shaƙar sa, saboda haka ba daidai ba ne a ɗauki adadin da ya cutar da shi a ɗora wa mutum kai tsaye. Abin da yake nunawa shi ne ta wace hanya sinadari yake aiki, da kuma wane mataki na girma ne ya fi rauni.

Me ake yi domin rage waɗannan sinadarai, kuma ruwa yakan farfaɗo?

Hanya ta farko ita ce hana su tun daga tushe. Amurka ta haramta DDT a aikin gona a 1972, ta kuma hana ƙera PCB a 1979. Yarjejeniyar Istokholm ta 2001 ta sa waɗannan da dayoksin cikin sinadaran da ƙasashe suka ɗauki alkawarin kawarwa ko ragewa, haramcin fentin TBT a jiragen ruwa ya fara aiki a 2008, Tarayyar Turai kuma ta taƙaita amfani da nonilfenol tun 2005. Sai dai waɗanda suka riga suka kwanta a laka ba doka ce take fitar da su ba, sai an yashe lakar ko an rufe ta.

Istrojin na halitta da magungunan da marasa lafiya suke buƙata ba za a iya haramta su ba, sai dai a tare su a matata. Matatar najasa ta yau da kullum tana rage wani kaso, musamman idan aka bar ruwan ya daɗe tare da bakteriyar da ke ruɓar da shi, amma abin da ya fi aiki shi ne a ƙara wani mataki na iskar ozon ko gawayin da aka sarrafa domin kama sinadarai. Suwizalan ce ta fara mayar da wannan doka a 2016, inda ta tsara gyara kimanin matatu 100 daga cikin kusan 700 da take da su, tana zaɓar manya da waɗanda ke zuba ruwa a ƙananan koguna. A 2024 Tarayyar Turai ta amince da irin wannan mataki ga manyan matatunta zuwa 2045, tare da ɗora aƙalla kashi 80 cikin 100 na kuɗin a kan kamfanonin magunguna da na kayan shafe-shafe. A gonaki kuwa barin ciyayi da bishiyoyi a bakin rafi da hana kashin dabbobi gangarawa ruwa suna rage abin da ruwan sama yake kwasa.

Game da farfaɗowa, amsar ta danganta da irin sinadarin. A tafkin gwajin nan na Ontariyo, da aka daina zuba EE2, ƙaramin kifin da ya kusa ƙarewa ya dawo da yawansa cikin 'yan shekaru, domin istrojin yana lalacewa a ruwa kuma sabbin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe sun taso ba tare da shi ba. A wuraren da PCB da dayoksin suka shiga laka kuwa, har yanzu ana samun su a cikin ƙwan kifi fiye da shekaru 40 bayan an daina ƙera PCB ɗin.